Kafin a ce gas ya ƙare: yadda ake gano ciwon esi da karanta lambobin da yake nunawa

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, babu maganar da masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki suka fi ji daga bakin masu gida kamar "gas ɗin esin ya ƙare, a zo a ƙara." Wani mai gyaran ba zai yi musu ba. Zai ɗaura geji, wato ma'aunin matsin gas, ya ɗura gas, ya karɓi kuɗinsa, bayan sati biyu ɗaki ya koma yadda yake.

Gas ɗin esi ba ya ƙarewa don an yi amfani da shi. Zagayawa yake yi a rufaffen bututu, daga kwamfiresa, wadda ke matsa gas ɗin tana tura shi, zuwa koyil ɗin waje, wato lanƙwasasshen bututun da ke cikin injin waje, ya shiga ɗaki ya ɗebo zafi, ya koma inda ya fito. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo, kuma wanda aka ƙara ta nan zai bi ya fice. Ban da haka, da yawa daga cikin esin da ke daina sanyi a garuruwanmu ba gas ne damuwarsu ba. Ƙura ce, ko wuta mara ƙarfi, ko kafasitar da ke taimaka wa kwamfiresa tashi ce ta gaji. Shi ya sa a wurina tsarin bincike ya fi haddace lambobi muhimmanci: a fara da wuta, a duba iska, gas ya zo daga ƙarshe. Ita kuma lambar da ke fitowa a fuskar esi, wurin da fanel, wato allon lantarkin da ke sarrafa esin, ya ji alamar matsala take faɗa maka. Ba ta ce ga abin da za ka je ka saya ba.

Rimot da minti uku

Duba rimot tukuna. Alamar ƙanƙara ita ce sanyaya ɗaki. Alamar ɗigon ruwa rage laima ce, fanka na tafiya a hankali, kwamfiresa na tashi tana tsayawa. Alamar fanka iska ce kawai, injin waje ba zai tashi ba ko kwana aka yi. Yara na danna waɗannan ba tare da kowa ya lura ba. Sannan lambar zafin da ka saita dole ta zama ƙasa da zafin ɗakin. Saita 16 ba ya sa iskar ta fito da sanyi fiye da kima a esin da ba inbata ba, wato wanda kwamfiresarsa ba ta ƙara gudu ko ragewa, hana kwamfiresa hutawa kawai yake yi. Tsakanin 24 da 26 ya wadatar da yawancin ɗakuna. In kana shakkar rimot ɗin kansa, ɗora kyamarar waya a kan ƙwayar da ke gabansa ka danna maɓalli. In yana aiki, a yawancin wayoyi za ka ga ƙwayar tana ƙyalli. Akwai kuma ɗan maɓallin gaggawa a ƙarƙashin murfin na'urar ciki, wanda ke kunna esi ba tare da rimot ba.

In an ɗauke wuta an dawo da ita, ko ka kashe ka sake kunnawa, injin waje zai yi kusan minti uku bai motsa ba. Wannan ba lalacewa ba ce. Fanel ne ke jira matsin gas ya daidaita a ɓangarori biyu, don kada kwamfiresa ta tashi da nauyi a kanta. Wanda ya yi ta kashewa yana kunnawa don ya "tashe shi", lissafin minti ukun yake mayarwa farko.

Wuta

An ƙera esin gida don bolt 220 zuwa 240. Da wuta ta sauko ƙasa da 200, kwamfiresar da ba inbata ba ta fara shan wahala. A 180 da ƙyar take tashi, in ma ta tashi. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne, idan ƙarfin wuta ya ragu, motar lantarki mai ɗauke da nauyi, irin ta cikin kwamfiresa, ƙarin amfiya take ja, waya ta yi zafi, koyil ɗin cikin kwamfiresa ya dahu a hankali. Ba rana ɗaya take ƙonewa ba, bazara guda ake yi ana cin ranta.

Auna wutar sau biyu: esi a kashe, sannan a daidai lokacin da kwamfiresa ke ƙoƙarin tashi. Idan mita ta nuna 220 a kashe, amma da kwamfiresa ta yunƙura sai ta faɗo 180 ko ƙasa, kada a yi saurin ɗora wa taransifoma laifi. Sau da yawa wayar gidan ce ta yi siriri, ko akwai haɗin da ya saki, ko soket ya ƙone daga ciki. Cire fulogi ka duba ƙafafunsa: in sun yi baƙi, ko robar da ke kewaye da su ta narke, ka samu ɗaya daga cikin masu laifin. Esi mai ƙarfin hos 1 ko 1.5 yana son layinsa shi kaɗai da wayar jan ƙarfe mai girman milimita murabba'i 2.5, mai hos 2 kuma milimita murabba'i 4, musamman in tafiyar da nisa, da bireka ta amfiya 16 ko 20. A kula da wayar da ake sayarwa da araha, wadda aka shafa wa ruwan jan ƙarfe a kan wani ƙarfen. Kankare ta da wuƙa. In cikinta ya fito fari, ba ta aikin esi ba ce.

Kilam mita, wadda ake maƙala wa waya ta auna amfiyar da esi ke ja, na gaya maka abin da ido ba ya gani. Mai hos 1 kan ja wajen amfiya 4 zuwa 5, mai hos 1.5 wajen 5 zuwa 7, mai hos 2 wajen 8 zuwa 10, amma adadin da aka buga a takardar da ke manne a gefen injin waje shi ne abin dogaro. Jan da ya haura wannan yana nuna datti a koyil ɗin waje, ko wuta mara ƙarfi, ko gas da aka cika fiye da kima. Jan da ya yi ƙasa sosai, ɗaki kuma babu sanyi, yana karkata ga ƙarancin gas ko kwamfiresar da ta daina matsawa. A lokacin tashi, wadda ba inbata ba takan ja ninki huɗu zuwa shida na wannan adadi na ɗan daƙiƙa, shi ya sa ƙaramin janareta ke durƙushewa da zarar ta yunƙura. Sitabilaiza ma ƙarfinta raguwa yake yi gwargwadon yadda wutar da ke shigo mata ta yi ƙasa, don haka ake ɗaura mai VA 5000 ga esi mai hos 1.5 ko da lissafin takarda ya nuna ƙarama za ta isa.

Ƙura da numfashin esi

Nan ne hunturu ke barin mana gado. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu esi na kashe a gidaje da yawa, amma ƙura ba ta daina shiga ba. Ranar da aka fara kunna shi a Maris, filta ta toshe, koyil ɗin waje ya zama kamar an yi masa yaɓe.

Filtar ciki ana wanke ta duk sati biyu, gidan da ke bakin titin da ba kwalta kuwa duk sati. A zare ta, a wanke da ruwa daga bayanta don ƙurar ta fita ta inda ta shigo, a shanya a inuwa, a mayar bayan ta bushe. Wannan aikin mai gida ne, ba ya buƙatar kowa. Abin da ke ɓoye shi ne doguwar fankar nan mai kama da gora da ke can cikin bakin da iska ke fita. Kashe esi, ɗaga fiffiken, haska tocila. Za ka ga kowane ɗan haƙorin fankar ya cika da baƙin datti mai danƙo, ƙura da laima sun haɗu sun daskare, har kwarmin da ke ɗebo iska ya shafe. Fanka irin wannan tana juyawa, tana ƙara, amma iskar da take turowa ba ta kai rabin ɗaki, kuma takan fito guntu-guntu, wani gefe da ƙarfi wani gefe babu. Babu adadin gas da zai gyara wannan. Sai an wanke ta, ko a wurinta da jakar wanki da famfo, ko a kwance ta gaba ɗaya.

Gwaji mai sauƙi da kowa zai iya: bar esi ya yi minti goma sha biyar a kan sanyi, fanka a ƙarshen gudunta. Auna zafin iskar da ke shiga ta sama da na wadda ke fita ta baki. Bambancin digiri 8 zuwa 12 lafiya ce. In iskar na da sanyi ƙwarai amma ba ta da ƙarfi, matsalar hanyar iska ce. In iskar na da ƙarfi amma bambancin bai wuce digiri 4 ko 5 ba, sai a koma wajen injin waje.

Injin waje aikinsa zubar da zafin da aka ɗebo daga ɗaki. A kashe bireka, a wanke koyil ɗin da ruwa mai matsakaicin ƙarfi, a bi tsayin siraran farantan alminiyam ɗin kada a lanƙwasa su, kuma kada ruwa ya shiga akwatin fanel. Yana buƙatar aƙalla santimita 30 a bayansa, da fili na mita ɗaya zuwa biyu a gabansa. Kejin ƙarfen da ake yi masa saboda ɓarayi ba laifi ba ne in sanduna ne masu tazara. Amma wanda aka rufe da kwano ko raga mai ƙananan ido, ko aka cusa injin a lungu tsakanin gini da katanga, iskar zafin da ya fitar ita yake sake shaƙa. Alamar ita ce esi ya yi sanyi da dare da safe, amma daga azahar zuwa la'asar ya yi ta yankewa. Mai sayen sabo ya duba takardar jikinsa: ajin T1 an tsara shi ya yi aiki har zuwa digiri 43 a waje, ajin T3 har zuwa 52. Ga wanda ke Sakkwato ko Yamai, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Ƙanƙara ma tana magana, in an san inda za a duba. A bawul biyu da ke gefen injin waje, babban bututu ya kamata ya yi sanyi yana gumi. In ƙanƙara ta kama babban bututun, ko ta lulluɓe koyil ɗin ciki baki ɗaya, a fara zargin iska: filta, fankar ciki, ko motarta da ta rage gudu. In ƙaramin bututun ne ya yi fari da ƙanƙara, babban kuma ba sanyi, wannan ya fi kama da ƙarancin gas ko toshewa. Ko wanne ne, a kashe sanyi a bar fanka ta narkar da ƙanƙarar kafin a auna komai, domin gejin da aka ɗaura a kan koyil mai ƙanƙara ƙarya zai faɗa.

Ruwa a bango

Ruwan da ke bin bango daga na'urar ciki, kusan kullum tiyon fitar da ruwa ne ya toshe ko ya rasa gangara. Laka da gansakuka na taruwa a cikinsa, zanzaro kuma na son gina ɗakinsa a bakin tiyon a watannin da esi ke kashe. A zuƙe ko a hure daga waje, a zuba ruwa kofi biyu a tiren da ke ƙarƙashin koyil a ga ko ya fita. Kada bakin tiyon ya nutse a bokitin da ake tara ruwan, iska za ta tokare shi. A duba kuma ko na'urar ta karkata ta gefen da ba tiyo, ko sosan da ke naɗe da bututun jan ƙarfe ya yage. A bazara kafin ruwan farko, iskar Arewa a bushe take, don haka esi na iya yin sanyi lafiya lau ba tare da ya zubar da ruwan kirki ba. Rashin ɗigar ruwa a Afrilu ba shaidar ƙarewar gas ba ce.

Kafasita

Tsaya kusa da injin waje ka saurara. Fanka na juyawa, sai ka ji gurnani mai nauyi na daƙiƙa uku zuwa biyar, fitilun gida su ɗan dushe, sai "ƙas", shiru. Bayan 'yan mintuna a sake. Kwamfiresa ce ke ƙoƙarin tashi ta kasa, makarin zafinta yana yanke ta. In wuta ta cika, abin zargi na farko kafasita ce, wannan gwangwanin alminiyam da ke ƙarƙashin murfin sama. Zafi ne ke kashe ta, shi ya sa ta fi mutuwa a bazara. Wani lokaci za ka ga kanta ya kumbura ko mai ya tsattsafo, wani lokaci kuma lafiya lau a ido amma ta mutu a ciki.

A kashe bireka, a sauke wutar da ta rage a cikinta, a ɗauki hoton yadda wayoyin suke kafin a zare ko ɗaya, sannan a auna da mita mai ma'aunin maikurofarad. Galibi an rubuta mata sassaucin kashi 5 cikin ɗari; wadda aka rubuta 35 ta nuna 27 ta gama aiki. Na kwamfiresa sukan kama daga 25 zuwa 60 gwargwadon girman esi, na fanka kuma daga 1.5 zuwa 3 ko sama kaɗan. A mayar da mai adadin da aka cire daidai, mai jure bolt 450. Ɗaura babba "don ta ƙara ƙarfi" dafa koyil ɗin tashi yake yi. Fankar waje da ba ta tashi sai an tura ta da tsinke, ita ma ƙaramar kafasitarta ce. Esi mai inbata ba shi da irin wannan kafasita ta kwamfiresa. Fanel ne ke tuƙa ta, kuma a can ne lambobi suka fi yawa.

Lambobin

Abu na farko: lamba ɗaya ba ma'ana ɗaya take da ita a kowane kamfani ba. E1 a Gree matsin gas ne ya yi yawa. A inbatar Midea, E1 na nufin na'urar ciki da ta waje sun daina jin juna. A Haier kuwa sensar zafin ɗaki ce. Wanda ya nemi "E1" kawai a intanet zai iya sayen abin da lafiyarsa ƙalau. A haɗa sunan kamfani da lambar samfurin da ke jikin takardar, kuma in littafin da ya zo a kwali ya saɓa da abin da ke nan, littafin za a bi, domin ko a kamfani ɗaya tsoho da sabon samfuri kan bambanta. Midea, alal misali, sababbin nata suna rubuta EL 01 a inda tsofaffin ke rubuta E1.

Wasu ma ba matsala suke nunawa ba. CF a Samsung tunatarwa ce a wanke filta, CL kuma yana busar da cikinsa ne. Po a LG na nufin an sa shi a sanyi mai ƙarfi.

Da lamba ta fito, ɗauki hotonta kafin ka taɓa komai. Esin da ba shi da allon lamba da ƙiftawar fitila yake magana. Ƙirga sau nawa take ƙiftawa kafin ta ɗan tsaya, ko ka ɗauki bidiyo. A Daikin, danne maɓallin CANCEL na rimot daƙiƙa biyar har 00 ta fito, ka yi ta dannawa har ka ji dogon ƙara. Lambar da ke kan rimot a lokacin ita ce. A Panasonic akwai ɗan ramin CHECK da ake dannawa da tsinke, kuma H00 na nufin babu matsalar da aka adana. Bayan haka kashe bireka minti biyar ka kunna. In lambar ta tafi ba ta dawo ba, wataƙila wuta ce ta yi wargi. In ta dawo, a daina maimaitawa.

Wadda ta fi yawo a gidajenmu ita ce ta yankewar sadarwa: CH05 ko CH53 a LG, E6 a Gree, U4 a Daikin, H11 a Panasonic, E101 a Samsung, E7 a Haier. A nan ne ake yawan yanke wa fanel hukuncin kisa ba tare da shari'a ba, alhali shi ne mafi tsada bayan kwamfiresa. Fara da wayar da ta haɗa ciki da waje. Shin lamba 1, 2, 3 na ciki sun tafi 1, 2, 3 na waje? Akwai sukurun da ya saki ko ya yi tsatsa? An yi wa wayar haɗi da salatif a cikin bango ko silin, inda laima ko ɓera ya same ta? Sannan a duba ko wuta na isa injin waje, da ƙarfin da ya dace, domin fanel ɗin da bai farka ba ba zai amsa kira ba. Buɗe murfin: in babu fitila ko ɗaya da ke ci a fanel ɗin waje, a duba fis. Nan ne kuma ake tarar da tsaka ko ƙadangare ya shiga neman ɗumi ya kwanta a kan fanel ya haɗa layi. Mai gyara zai sa mita a ma'aunin DC tsakanin wayar N da ta sigina; in allura na hawa da sauka, ɓangarorin na magana, in ta tsaya cak, ɗaya ya yi shiru.

Lambobin sensa su ne mafi arhar gyara: CH01 da CH02 a LG, F1 da F2 a Gree, E4 da E5 a Midea, C9 da C4 a Daikin, H14 da H23 a Panasonic, E121 da E122 a Samsung. Ta farko a kowane biyun ta iskar ɗaki ce, ta biyu ta bututun koyil. A zare ta daga fanel a auna da ma'aunin om. A riƙe kanta da yatsu, adadin ya riƙa sauka a hankali yayin da take ɗumi. In ta nuna sifili, ko ba ta nuna komai ba, ta mutu. Amma ba kowace sensa ke shiga kowane esi ba. A digiri 25, ta ɗaki a LG kilo-om 10 ce, ta bututu 5. A Gree 15 da 20. A Midea duka biyun 10. In aka sa wadda ba ta dace ba, lambar na iya ɓacewa, amma fanel zai riƙa karanta zafin da ba shi ba, ya yanke kwamfiresa da wuri ko ya ƙi yanke ta sam.

Na fanka: CH10 a LG, H6 a Gree, E3 a Midea, A6 a Daikin, H19 a Panasonic, E154 a Samsung duk fankar ciki ce, CH67 na LG, F5 na Midea, E7 na Daikin da H97 na Panasonic ta waje ce. A kashe wuta a juya fankar da hannu. In ta cije, datti ne ko boris ko wani abu ya maƙale. In tana juyawa sumul, a duba fulogin motar a kan fanel kafin a ce motar ce.

Waɗanda nake so a ji tsoronsu su ne na ɓangaren da ke tuƙa kwamfiresa: CH21 a LG, P0 a Midea, H5 a Gree, L5 a Daikin, F99 a Panasonic, E464 a Samsung. Ma'anarsu wuta mai yawa ta bi ta cikin wannan sashen na fanel, wanda ake kira IPM. Dalilin na iya zama koyil ɗin waje da ya toshe, fankar da ta tsaya, wuta mai hawa da sauka, gas da ya yi yawa, ko kwamfiresar da ta fara cijewa. Duk sake kunnawa ƙarin duka ne a kan sashen, har ya fashe. Su kuma CH23 na LG, P1 na Midea, U2 na Daikin da PL na Gree, ƙarfin wuta suke kuka da shi, mita za a ɗauko ba sukuddireba ba. A sani cewa manyan kafasitocin fanel ɗin inbata na riƙe sama da bolt 300 na DC bayan an kashe bireka. Wanda bai iya auna su ya tabbatar sun sauke ba, kada ya sa hannu.

Sai a zo kan gas

CH38 a LG, EC a Midea, F0 a Gree, U0 a Daikin, F91 a Panasonic, E554 a Samsung. Esin gida galibi ba shi da abin da ke auna yawan gas kai tsaye. Fanel na lura ne cewa kwamfiresa ta yi mintuna tana aiki amma koyil ɗin ciki bai yi sanyin da ake tsammani ba, sai ya yanke hukunci. Sensar bututu da ta zame daga gurbinta, ko bawul da aka manta ba a buɗe ba bayan an ɗaura esi, ko kwamfiresa mai rauni, duk za su iya fito da wannan lamba.

In an tabbatar gas ne, a nemo ramin. Gas na fita da mai, don haka duk inda ka ga danshin mai ya kama ƙura a jikin bututu, nan ne. Notuna huɗu na haɗin bututu, biyu a ciki biyu a waje, su ne kan gaba, sai ƙwayar bawul ɗin da ake ɗaura geji. Kumfar sabulu na nuna babban yoyo. Ƙarami sai an cika layin da naitirojin an bar geji a kai. Naitirojin kaɗai. Iskar oksijin ta masu walda in ta haɗu da man kwamfiresa fashewa take yi, kuma tana kisa. Bakin bututun da ya tsage a yanke shi a sake buɗa sabo, ƙara ɗaure noti ba ya rufe tsaga.

Bayan gyara sai a zuƙe iska da famfon bakyum, minti 15 zuwa 30 ga gajeren layi, ko har ma'auni ya kai maikuron 500, a rufe a ga ko zai tsaya. Al'adar buɗe bawul a bar gas ya "kore iska" ba ta fitar da laima, ita kuwa laima in ta haɗu da man esin da ke aiki da gas nau'in R410A ko R32 asid take haifarwa. Sannan a ɗura da sikeli, giram ɗin da aka rubuta a takardar injin waje. In bututun ya wuce tsayin da kamfani ya cika wa gas, galibi mita 5, ana ƙara abin da littafin ya ce, sau da yawa giram 15 zuwa 20 a kowace mita. Geji taimako ne: a rana mai zafi R22 kan zauna wajen psi 60 zuwa 70 a babban bututu, R410A da R32 wajen 115 zuwa 140. Amma a inbata matsin na canzawa da gudun kwamfiresa, don haka cikawa da geji kaɗai caca ce. R410A haɗin gas biyu ne, R32 da R125, shi ya sa ake ɗura shi a ruwansa, tulu a kife in ba mai bututu a ciki ba ne. R32 na iya kamawa da wuta, ba a kusantar da wutar walda sai an kwashe shi tas. Ba a zuba wani gas a madadin wani. Matsinsu da mansu ba ɗaya ba ne. R22 kuwa, ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, ƙasashe masu tasowa na kan hanyar daina shi zuwa 2030, abin da ya kamata mai tsohon esi ya sa a lissafi kafin ya kashe kuɗi mai yawa a kansa.

Kafin a ce kwamfiresa ta ƙone

Kwamfiresar da ta yi zafi har ba a iya taɓa ta, makarinta a buɗe yake, mita za ta nuna kamar waya ta tsinke. A bar ta ta huce, ko da awa biyu ne, a sake aunawa. A wadda ba inbata ba, ƙafafu uku ne, C da R da S: adadin C zuwa R in aka haɗa da na C zuwa S ya ba da na R zuwa S. A ta inbata, U da V da W duk biyun da ka auna su zo daidai da juna, om kaɗan ne. Sannan a auna kowace ƙafa da jikin ƙarfen, inda aka kankare fenti. Bai kamata a samu haɗi ba. In an samu, shi ne dalilin da bireka ke faɗuwa da zarar ta yunƙura, kuma wannan kam ta tafi.

In za a sa wata, a duba man tsohuwar. Baƙi mai warin ƙuna na nufin sai an wanke layin kafin a ɗaura sabuwa, a sa sabuwar kafasita, kuma a gyara abin da ya kashe ta farko, ko wutar ce, ko kejin kwanon, ko yoyon da aka yi shekara ana rufewa da ƙarin gas.